Daga Kano zuwa Ikeja Domin Abin da Bai Cika Tafin Hannu Ba

A makarantar Islamiyyar dare ta unguwarmu, inda aka ɗora mini amanar riƙon rajista da buga takardun jarrabawa, akwai wata kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 755, wadda wani bawan Allah ya yi mana waƙafinta tana 'yar kwatano, watau bayan ta cika wa'adin hidimarta a wani ofis na ƙasar Turawa, aka loda ta cikin kwantena tare da 'yan'uwanta, aka ƙetaro da ita teku. A cikinta nake rubuta tambayoyin fiƙihu da nahawu, a cikinta kuma na tara hotunan shafukan littattafan da kakana, Allah ya jiƙansa, ya kwafa da hannunsa, waɗanda gara da ɗigon damina suka soma ci ta gefe, har na ga in ban yi gaggawar ɗaukar surarsu ba, wata rana sai dai labari. Shekaru tana mana hidima ba ta gaza ba, har zuwa 8 ga Afrilu, 2014, ranar da kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows XP, wadda ita ce a kanta. Sai wani tsohon ɗalibinmu da ya karanta ilmin na'ura ya zo ya sauya mata zuwa Windows 7, tun daga nan kuwa ta zama kamar jakin da aka ɗora wa kayan raƙumi: in na taɓa shafi guda na littafin kakana, sai in tashi in yi alwala in dawo, alhali rabinsa kaɗai ya bayyana.

Da al'amarin ya zo gaban kwamitin makaranta, matasan cikinmu suka ce a sayar da ita a cika kuɗi a sayi ta tafi-da-gidanka, amma ma'aji ya buɗe littafin baitulmali, kowa ya ga abin da ke ciki ya yi shiru. Limaminmu kuma ya tunasar da mu cewa abin waƙafi ba a gaggawar sayar da shi matuƙar akwai hanyar ci gaba da amfana da shi, domin ladan mai waƙafin yana gudana ne gwargwadon gudanar amfanin. Ɗalibin nan ya ce illar ba a gangar jikin na'urar take ba, a ƙwaƙwalwarta take, wadda masu sana'a ke kira furosesa, domin wadda ke ciki Celeron 430 ce, mai cibiyar aiki guda ɗaya tak, mai saurin gigahaz 1.8, tana cikin mafi ƙanƙanta a abin da ake sa wa irin wannan inji, kuma ana iya cire ta a sa wadda ta fi ta, in an dace.

Wannan kalma ta "in an dace" ban ba ta haƙƙinta ba a lokacin, sai daga baya.

Na zaga shagunan titin Beirut kwana biyu, na tarar da kwamfutoci sukutum jere har rufi, amma furosesa ita kaɗai irin wadda nake nema, kowa sai ya ce in jira kayan Ikko su iso. Ana cikin haka sai ga waya daga ƙanena da ke zaune a Agege, cewa an yi masa ƙaruwa ta ɗa namiji, yana kuma son in zo in yi wa yaron huɗuba da kaina. Na ce tun da kayan Ikko ake jira, ni ma ga ni zan tafi Ikko, sai in haɗa zumunci da buƙata. Daren da zan tashi, bisa ga al'adar wanda ya tashi a gidan masu kwafar littafi, na kunna na'urar, na danna F2 kamar yadda ɗalibin ya nuna mini, na zauna na kwafe duk abin da ya bayyana a shafin da masu sana'a ke kira BIOS cikin ɗan littafin aljihuna, harafi da lamba, ba tare da na fahimci ko sulusinsa ba.

Jirgin ƙasa na shiga, wanda aka maido da zirga-zirgarsa tsakanin Kano da Legas a watan Disamba na 2012 bayan ya daɗe a kwance. Muka tashi ranar Litinin da hantsi, zafin ƙarshen bazara yana dukan rufin tarago, gonaki a share suna jiran ruwa. A Zariya aka cika mu da masu tallan rake da dafaffen ƙwai, a Kaduna aka daɗe ana sauke kaya ana lodi, har muka samu sararin sauka muka yi ƙasaru a gefen dandamali, wani dattijo mai farin gemu ya ja mu. Da muka koma sai na tarar ashe kujerarsa tana fuskantar tawa, kuma tsohon ma'aikacin reluwe ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana duba dogo da guduma a kafaɗa.

Shi ne ya nuna mini ta taga inda ake aikin sabon layin da zai haɗa Kaduna da Abuja, ya ce, "Malam, ka ga wancan? Jirgin nan da muke ciki ba zai taɓa hawa kansa ba." Na tambaye shi dalili, ya ce dogon da Turawa suka shimfiɗa, wanda ya iso Kano a 1911, faɗin tsakanin ƙarafansa ƙafa uku ne da inci shida, sabon kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, saboda haka komai lafiyar tarago, komai ƙarfin kan jirgi, in ba a ƙera ƙafafunsa a kan ma'aunin dogon ba, to, ba shi da hanya. Ya faɗi haka yana auna faɗin da tafukan hannunsa biyu a kan gwiwa, da irin natsuwar mutumin da ya san abin da yake faɗi da hannu kafin ya san shi da baki. Na ji daɗin bayanin, ban kuwa san darasin kasuwar da zan shiga ne ake soma karanta mini ba.

Dare ya yi mana kafin Minna, muka wuce Zungeru cikin duhu, gari ya waye muna gangarawa Jebba, inda jirgi ya rage gudu ya hau gadar Kwara, ruwa shimfiɗe a ƙarƙashinmu, masunta a cikin kwale-kwale ba su ko ɗaga kai ba, mata kuma suka taso da farantan soyayyen kifi tun kafin mu tsaya. Daga nan ƙasa ta sauya tufafi, kuka da ƙirya suka ba wa kwakwar manja da ayaba wuri, harshen masu talla ya koma Yarabanci. Ilori, Offa, Oshogbo, Badun da rufin kwanonta masu tsatsa iyakar ganin ido, Abeokuta da duwatsunta, sa'an nan, bayan fiye da sa'a talatin a zaune, na sauka a Agege ƙafafuna sun kumbura, ƙanena ya karɓi jakata yana cewa, "Yaya, sannu da hanya, ai da ka bari na aiko maka kuɗin mota." Aka yi suna lafiya, aka ci aka sha da burodin nan na Agege da ake labari, na ga jikokin fataken goro waɗanda ba su taɓa ganin Arewa ba, amma Hausa a bakinsu garau.

Kashegarin suna muka shiga danfo zuwa Ikeja, tafiyar da ba ta da nisa in ban da cunkoso, muka sauka ƙarƙashin gada, muka kutsa cikin kasuwar da ake kira Computer Village. Wanda bai je ba zai zaci fili ne da rumfuna irin na Kurmi ko Kwari, alhali kuwa unguwar zama ce ta dā wadda ciniki ya cinye, har ya zama kowane bene na titin Otigba da titin Pepple, tun daga ƙasa har sama, da barandarsa da ƙarƙashin matakalarsa, shago ne. Janareta na ruri ta kowace kusurwa, lasifika na amsa wa lasifika, samari na tare mutum da waya a hannu kowa na cewa "Alhaji, zo ka gani," ga masu tura baro ɗauke da kwamfutocin tokumbo, wato abin da mu muke kira kwatano, an ɗaure su da igiya kamar dammunan dawa. Ƙanena ya ce in mai da jakata gaba in riƙe da hannu biyu, na yi haka.

Shagon farko da na biyu, da na ambaci abin da nake so, sai aka miƙo mini Core 2 Quad, aka ce ita ce sarauniya, cibiya huɗu gare ta, duk wanda ya san abin da yake yi ita yake saye. Zuciyata ta karkata, domin wanda ya sha wahalar ɗaya, in aka ce masa ga huɗu, lissafin a fili yake gare shi. Amma ƙanena ya ce mu ƙarasa wurin wani yaro da ke masa gyara, ɗan Agege, iyayensa mutanen ƙasar Katsina. Muka hau wata siririyar matakala zuwa hawa na biyu, muka same shi a wani ɗaki da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, yana sunkuye a kan buɗaɗɗiyar na'ura, da fitila ɗaure a goshi. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya share mini kujerarsa, shi kuma ya zauna a kan wata tsohuwar kwamfuta.

Ya jawo wani faranti na roba mai gurabe kamar na ƙwai, ya ajiye a gabana. A nan na fara ganin abin da na ƙetare Kwara dominsa: 'yan murabba'ai ne, kowane gefe bai cika santimita huɗu ba, samansu murfin ƙarfe mai launin azurfa da rubutu ƙanana, ƙasansu kore, an jera masa ɗigo-ɗigon ruwan zinariya kamar aikin mai zayyanar allo. Ya ce ɗigon nan 775 ne cif, shi ya sa ake kiran gurbin da suke zama LGA 775, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 2004, kuma bambancinsa da na gabaninsa shi ne, dā allurai a jikin furosesa suke, a wannan kuwa an mai da su cikin gurbin da ke kan babban allon na'ura, wanda su ke kira bod. Ya ɗauki guda biyar ya jera, Pentium 4, da Pentium D, da Celeron irin tawa, da Core 2 Duo, da Core 2 Quad, ya ce, "Baba, duk waɗannan za su zauna a gurbin injinka daram, ka rufe, ka ɗaure. Amma zama daban, tashi daban."

Sa'an nan ya tambaye ni lambar injin da lambar BIOS ɗinsa, ya kuma faɗa da alamar wanda ya saba jin an ce ba a sani ba. Na zaro ɗan littafina na miƙa masa. Ya karanta shafin tun daga sama har ƙasa yana bi da yatsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Wa ya ce ka rubuto wannan?" Na ce babu, gadon gida ne. Ya ce da kowa zai zo da irin wannan takarda, da rabin rigimar kasuwar nan ta ƙare.

Ya yi mini bayani dalla-dalla, ni kuwa na saurara kamar yadda nake son ɗalibaina su saurara. Ya ce a kan bod akwai wani wakili da ake kira cifset, wanda duk maganar da ke tsakanin furosesa da sauran gaɓoɓin na'ura ta hannunsa take bi, kuma hanyar da ke tsakaninsu tana da ma'aunin gudu: wata furosesar tana tafiya a kan 800, wata 1066, wata 1333. Injina cifset ɗinsa Q35 ne, yana ɗaukar dukan ukun. Da kuwa yayansa ne, OptiPlex 745, wanda suke kama da juna kamar tagwaye, da iyakarsa 1066, duk abin da ya haura haka sai dai fanka ta yi ta juyawa allo yana baƙi. Nan take dattijon jirgi ya faɗo mini a rai, da tafukansa biyu a kan gwiwa. Malaman fiƙihu sun ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke wajabta rashin abu, ko da samuwarsa ba ta wajabta samuwar abin ba. Ban taɓa ganin wannan ta'arifi ya sauko ya zauna a kan tebur ba kamar ranar nan, domin gurbi sharaɗi ne, cifset sharaɗi ne, BIOS sharaɗi ne, ƙarfin wutar da injin zai iya bayarwa da zafin da zai iya fitarwa su ma sharuɗɗa ne, kuma ɗaya ba ya isar wa ɗaya.

Na ce to, tun da injina yana ɗauka, a ba ni mai huɗun. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Baba, wane aiki kake yi da ita?" Na faɗa masa. Ya ware guda biyu ya tura gabana. Ta dama Core 2 Quad Q6600 ce, fitowar farkon 2007, cibiya huɗu, kowace tana gudun gigahaz 2.4, zafin da aka ƙiyasta mata wat 105 ne a bugun farko, wat 95 a bugu na biyu, ana kuma gane na biyun da haruffan SLACR a kan murfi. Ta hagu Core 2 Duo E8400 ce, fitowar Janairun 2008, cibiya biyu, amma kowace tana gudun gigahaz 3, da aljihun ajiya na kusa mai megabait 6, inda Celeron ɗina ke da rabin megabait, zafinta kuwa wat 65 kacal, domin an ƙera ta da ma'aunin nanomita 45, ba 65 ba irin na waccan. Ya ce mai haɗa fim ko mai aikin da ake iya rarraba shi kashi huɗu, shi ke cin moriyar huɗu. Mai rubutu da buɗe hoton shafi kuwa, galibin aikinsa a kan cibiya ɗaya ko biyu yake sauka, saboda haka ma'aikata biyu masu sauri sun fi masa huɗu waɗanda biyu za su zauna suna dumama ɗaki. Ya ƙara da cewa, "Kuma Kano za ka kai ta, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ga ƙaramin janareta. Ɗauki ta hagu."

Ta hagun ita ce mai araha, ribarsa a kanta ta fi ƙanƙanta, shi ma ya san na sani. Na daɗe ina karantar da yara cewa nasiha wajiba ce a kan mai sayarwa, amma sau nawa mutum ke ganinta tsaye da ƙafafunta a kasuwa, a bakin yaron da bai kai shekarun ɗansa na fari ba? Ya kuma gaya mini gaskiyar da ban tambaya ba, cewa furosesa kaɗai ba za ta warkar da injin ba matuƙar ram ɗinsa, watau ma'ajiyar aikinsa ta wucin gadi, gigabait ɗaya ne, domin wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 7 ke nema, don haka ya haɗa mini da sanduna na DDR2 da za su kai shi huɗu.

Kafin a yi maganar kuɗi sai ya ce a gwada a gabana. Yana da wani bod tsirara da ya kafa a kan katako musamman domin haka, ya ɗora furosesar, ya aza mata ƙarfen zuƙar zafi, ya haɗa wasu allurai biyu da bakin sukudireba, fanka ta juya, allo ya kawo haske. Ya buɗe wata 'yar manhaja mai suna CPU-Z, wadda ke tambayar furosesa sunanta daga cikinta, sai ga shi ta rubuta E8400, daidai da abin da ke kan murfi. Ya ce wannan gwaji ya zama dole ne domin murfi ana iya goge shi a sake masa rubutu, amma cikin ba ya ƙarya. A babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid mun karanta hanin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, da hanin ɓoye aibu; furosesa kuwa in aka dube ta da ido, matacciya da rayayya kamarsu ɗaya, don haka wannan katako nasa shi ne abin da ke fitar da cinikin daga garari zuwa halal bayyananne. Muka yi ciniki irin na mutunci, ya rage, na ƙara, ƙanena ya raba, ya kuma ba ni zaɓin mako biyu, in ba ta tashi ba in aiko da ita ta hannun direban mota.

Yana naɗe ta cikin 'yar leda mai hana tartsatsin lantarki sai ya tsaya, ya ce akwai magana guda wadda in na manta ta, tafiyata ta zama banza. Lambar BIOS da na kwafo tsohuwa ce, an rubuta ta tun kafin a haifi E8400, saboda haka injin ba zai gane baƙuwar ba sai an sabunta masa wannan karatu. Sabuntawar kuma ba ta yiwuwa sai injin yana tafiya, ba ya kuwa tafiya sai da tsohuwar furosesa. "Kada ka cire tsohuwa sai ta gama gabatar da sabuwa," in ji shi, "kuma in an soma, kada wuta ta ɗauke, ko ta ƙiftawar ido ce, in ba haka ba bod ɗin ya tafi." Ya zuba mini fayil ɗin a filas, ya ɗora mini ƙaramin sirinji na man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta. Na tambaye shi inda ya yi karatu, ya ce shekara biyar ya yi yana yi wa wani maigida Ibo hidima a wannan titi kafin ya sallame shi da jari, shi kuma maigidan a kasuwar Alaba ya koya wurin wani mai gyaran rediyo da talabijin. Na ce ashe kai ma da isnadinka. Ya yi murmushi, ya rako mu har bakin matakala.

A motar dare na komo, furosesar tana aljihun 'yar cikina. Wani wuri bayan Lakwaja barci ya ƙi zuwa, na fito da ita na haska fitilar waya, na karanta rubutun murfin ta cikin leda, na ga an rubuta COSTA RICA, ƙasar da ke tsakiyar nahiyar Amurka inda Intel ke da masana'antar harhaɗawa a lokacin da aka ƙera ta. Abu ne da asalinsa yashi ne aka tace, aka zana masa taransista miliyan 410 a fili da bai fi farcen babban yatsa ba, alhali furosesar farko da kamfanin ya fitar a 1971 guda 2,300 gare ta. Ya ƙetare teku ya yi aiki a wata ƙasa, ya sake ƙetarowa zuwa Ikko, ga shi yanzu yana bin hanyar Kaduna a ƙirjin malamin makarantar dare. Na yi tasbihi ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, na mai da ita aljihu.

Ranar Alhamis, da yake babu karatu, na kira ɗalibin nan, muka cika janareta da mai, muka aro batirin ajiyar wuta daga wani mai shagon buga takardu, muka haɗa biyun domin ihtiyaɗi. Aka soma sabunta BIOS, wani siririn layi yana tafiya a kan allo a hankali, babu mai magana a cikinmu, ni dai ina ta salati a zuci, har injin ya mutu da kansa ya sake tashi, sabuwar lamba ta bayyana. Sai muka kashe, muka zare waya daga bango, muka danna maɓallin kunnawa domin ragowar wuta ta fita, muka kwantar da shi a kan tabarma muka buɗe.

Ƙurar da muka tarar a ciki ta isa a shuka gero. Muka fitar da shi tsakar gida muka hure, na duba 'yan gwangwanayen da ke kewaye da gurbin kamar yadda yaron Ikeja ya umarta, ko akwai wanda kansa ya kumbura, babu. Ɗalibin ya sassauta sukurori biyu, ƙarfen zuƙar zafi ya kwanta baya, sai ga Celeron a ƙarƙashi, man da ke kanta ya bushe ya zama kamar tsohuwar farar ƙasa. Ya ce in taɓa ƙarfen akwatin tukuna domin lantarkin jikina ya sauka, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ka yi tafiyar, kai za ka sa." Na danna ɗan maƙatan gefe na zame shi, murfin gurbi ya ɗaga, na kama tsohuwar ta gefuna biyu na ɗauke ta sama tsaye. A ƙarƙashinta allurai 775 suka bayyana, sirara kamar gashin jariri, duka sun karkata fuska guda suna ƙyalli, waɗanda in hannun riga ya shafi ɗaya ya lanƙwasa, gyaransa sai mai tabarau da haƙurin Ayuba. Na naɗe hannun rigata har gwiwar hannu. Na nemo ɗan alwatika na zinariya da ke kusurwar sabuwar, na daidaita tsaguna biyu na gefenta da haƙoran gurbi, na yi bisimilla, na sauke ta ba tare da dannawa ba, ta zauna da nauyin kanta. Maƙatan ya yi tauri wajen komawa har gabana ya faɗi, ɗalibin ya ce haka yake, in ci gaba. Muka goge gindin ƙarfen da auduga da sifirit har ya yi sheƙi, na ɗiga man a tsakiyar murfi gwargwadon ƙwayar dawa, muka mai da ƙarfen, muka ɗaure sukurorin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, muka soke sandunan ram har suka yi ƙas, muka rufe.

Na danna maɓalli. Fanka ta yi wani gunji ta lafa, allo ya tsaya baƙi na tsawon numfashi uku ko huɗu, sa'an nan tambarin kamfani ya fito. Ɗalibin ya danna F2, ya nuna mini layin da yatsa: E8400, gigahaz 3.00. Da Windows ta gama tashi, na nufi jakar littattafan kakana, na taɓa shafin farko na kwafinsa na Ishiriniya, shafin nan da dā nake barinsa in tafi alwala, ya buɗe gaba ɗaya tun ban janye yatsana ba, jan wasali da baƙin harafi, har da gurbin da gara ta ci a kusurwa.

Da la'asar na buga wa yaron waya. Bai bari na gama godiya ba ya ce, "Baba, zafinta nawa?" Ɗalibin ya duba ya ce digiri 41. Ya ce madalla, a riƙa hure ƙura duk bayan hunturu, kada kuma a jingina bayan injin da bango. Na ce tsohuwar fa, in aiko masa? Ya ce a'a, in adana ta, domin ranar da injin ya ƙi tashi, da ita za a gane ko laifin furosesa ne ko na bod. Na sa Celeron ɗin cikin ledar da sabuwar ta zo a ciki, na rubuta kwanan wata a 'yar takarda na liƙa, na ajiye ta a cikin akwatin rajista, kusa da takardar waƙafin.